BAYANI: Saitin BIOS da matsalolin da ke hana tsohuwar kwamfutar tebur aiki

A garuruwan arewacin Jihar Kano irin su Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunchi, shagon kwamfuta guda kan ɗauki hidimar ƙauyuka da dama. Nan ɗalibai ke koyon danna madannai, tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Nan kuma matasa ke cike fom ɗin neman aiki da rajistar farko ta katin zaɓe, wadda INEC ta fara karɓa ta intanet a 2021. Galibin na'urorin na hannu ne, ƙirar HP, Dell ko Lenovo. Idan ɗaya ta ƙi tashi, akan ce ta mutu, alhali sau da yawa saitin BIOS ne ya rikice.

Mene ne BIOS?

BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune a kan babban allon cikin kwamfuta. Ita ce ke fara farkawa idan an kunna na'ura, ta duba sassanta, sannan ta miƙa ragama ga Windows. Ta bazu ne da kwamfutar IBM ta 1981, yanzu kuwa UEFI ta gaje ta. Agogo da saitin tsofaffin na'urori sun dogara da ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3.

Dalilin da batirin ke saurin ƙarewa a karkara

Muddin kwamfuta na jone da wuta, ko a kashe take, daga soket agogon ke samun ƙarfi. Da an ɗauke wuta sai nauyin ya koma kan batirin. Don haka a inda wutar KEDCO ke wuyar gani, kuma janareta ke aiki sa'o'i kaɗan, batirin kan riga lokacinsa ƙarewa. Ga shi kuma na'urar ta hannu da tsohon batirinta take isowa.

Alamomi da magani

Agogo ya koma baya: Idan kwanan wata ya koma wata tsohuwar shekara, burauza za ta ƙi buɗe shafukan hukumomi da na bankuna, domin tana auna takardar shaidar tsaronsu da agogon na'urar. Maganin shi ne a zare wayar wuta, a canza batirin, a gyara lokaci.

Na'ura ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba: Mai yiwuwa jerin tashi ne ya sauya, tana neman Windows a filas ko faifai. Ana shiga saitin ta danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo da zarar an kunna, sai a sa ma'ajiyar bayanai a sahun farko.

Shuɗin allo bayan canza batir: Sau da yawa tsarin SATA ne ya sauya tsakanin IDE da AHCI. A mayar da shi yadda yake sa'ad da aka ɗora Windows. Gaggawar goge na'ura a wannan gaɓa asarar takardun jama'a ce ba gaira ba dalili.

Ƙara a jere ba hoto: Wannan yakan nuna ƙwaƙwalwar RAM ta saki ko ƙurar hunturu ta shige ta. A cire ta, a share, a mayar.

Sabunta BIOS kuwa ba a yin sa sai da tabbatacciyar wuta, domin ɗaukewarta ana tsaka da aikin na iya kashe allon gaba ɗaya.

Inda gyara ya tsaya

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 na buƙatar UEFI da guntun tsaro na TPM 2.0. A wasu na'urori guntun na nan, kunna shi kawai ake yi a saiti. Waɗanda suka tsufa ƙwarai kuwa sai dai a ɗora musu Linux.

Wannan ya shafi dukiyar al'umma. Duk inda aka raba wa makaranta kwamfutoci da sunan aikin mazaɓa, masu zaɓe na da haƙƙin tambayar shekarar da aka ƙera su, kuɗin da aka ware wa gyara, da wanda aka horar ya kula da su.