Sanarwar hukuma ta kafafen sada zumunta a Birnin Gwari

Sanarwar hukuma ta kafafen sada zumunta hanya ce da gwamnati da ƙungiyoyi ke bi su isar da saƙo ga jama'a kai tsaye ta Facebook, WhatsApp da Twitter (yanzu X). A Birnin Gwari, yammacin Jihar Kaduna, matsalar 'yan bindigar dajin Kamuku ce ta ba ta ƙarfi.

Bayan kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta jihar a 2019, kwamishinanta Samuel Aruwan ya riƙa wallafa rahoton hare-hare a shafukansa, da sunayen ƙauyuka da adadin waɗanda abin ya rutsa da su. Ƙungiyar cigaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ita ma kan fitar da nata bayanin, wanda sau da yawa ya fi na gwamnati zafi. A mazaɓun Magajin Gari, cikin gari, ana yaɗa saƙonni ta WhatsApp, musamman kan halin da hanyar Kaduna ke ciki.

Sai dai wannan hanyar sanarwa tana da rauni. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a yankin, lamarin da ya mayar da mutane ga rediyo da bakin direbobin tasha.