Daga barikin soja zuwa jami'a: tarihin karatun motsa jiki da inda yake kai ɗiyanmu



Duk shekara idan sakamakon BAC ya fito, zance ɗaya ne a gidajenmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai: me yaro zai karanta? Wanda ya ce likita, a sa mishi albarka. Wanda ya ce shari'a ko aikin injiniya, a ce madalla. Amma wanda ya ce shi STAPS yake so, wato ilimin motsa jiki da wasanni, sai a kwashe da dariya, a ce: "Shekara 13 kana lakkwal don ka ƙare da busa usur a rana?" To wannan dariyar tana da tarihi, shi ma karatun yana da nashi. Bari mu bi sawunsu tare, don idan uba zai hana ɗanshi, ya san abin da ya hana.

Mu fara da faɗin gaskiya: masu dariyar suna da hujja, domin a bariki aka haifi abin. A ƙasar Suwidin wani mutum mai suna Per Henrik Ling ya buɗe makarantar koyar da motsa jiki tun 1813, kuma cikin waɗanda ake horarwa har da hafsoshin soja. Faransa, wadda muka gaji tsarin lakkwal daga wurinta, ta buɗe tata makarantar a Joinville cikin 1852, ta soja ce zalla. Da Jamusawa suka kayar da ita a yaƙin 1870, sai manyanta suka ce samarinsu ba su da ƙwari, shi ya sa a 1880 aka yi dokar da ta tilasta motsa jiki a makarantun yara maza. Manufar a fili take: a samu ƙarfafan da za su ɗauki bindiga gobe. Wannan salon ne Nasara ya iso da shi ƙasarmu, a jera yara sahu, hagu dama, hannu sama hannu ƙasa. Kakanninmu da suka ga haka, su da ke wuni suna noma da hauya, ba laifinsu ba ne idan sun ce wannan ba karatu ba ne.

Sai dai yayin da mu muke kallon sahun yara, can abin ya fara sauya hannu, daga soja ya koma wurin masu bincike da likitoci. Wani masani ɗan Ingila, A. V. Hill, wanda shi kanshi mai son gudu ne, ya riƙa auna iskar da jikin mutum ke sha idan yana gudu. Ya samu kyautar Nobel ta 1922 kan bincikenshi game da zafin da tsoka ke fitarwa idan tana aiki. Daga aikinshi ne aka gano cewa kowane jiki yana da iyakar iskar da zai iya amfani da ita, kuma har yau wannan ma'aunin ne ake duba ɗan wasa da shi. A 1927 Faransa ta fara buɗe cibiyoyin koyar da motsa jiki a ƙarƙashin sassan likitanci na jami'o'inta.

Sai kuma 1953, lokacin da wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya fitar da binciken da ya girgiza mutane. Ya dubi ma'aikatan manyan motocin nan na birnin masu hawa biyu. Direba yana zaune wuni guda, mai yankan tikiti kuwa yana ta hawa da sauka kan matakala. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Tun daga nan aka daina ɗaukar motsa jiki a matsayin sha'anin ƴan wasa kaɗai, ya shiga cikin maganar lafiyar kowa. Ku tuna da direbobinmu na Maraɗi zuwa Yamai, da ƴan kasuwarmu da ke wuni kan kujera da shayi mai sukari, za ku ga binciken nan da mu yake.

Shekarar 1975 ce ya kamata mu riƙe da kyau. A shekarar ne Faransa ta ba wannan fanni takardar shaidar jami'a ta kanshi da sunan STAPS, kuma a 1981 ta maida malaman EPS ƙarƙashin ma'aikatar ilimi kamar sauran malamai. A wannan shekara ta 1975 ɗin dai, mu kuma a nan gida, zamanin Seyni Kountché, aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Kokowar da ake yi a dandali bayan girbi ta zama abin da ƙasa duka ke kasa kunne a rediyo don ta ji. Aka gina filayen kokowa a jahohi, yau suna ɗauke da sunayen mazajen jiya: Kantu a Maraɗi, Langa-Langa a Damagaram, Salma Ɗan Rani a Doso. Mun yi abin kirki, babu shakka. Amma ku lura da bambancin: su sun sa ƙarfinsu wajen gina masana, mu mun sa namu wajen gina fili da shirya biki.

Ba wai an zauna hannu rungume ba ne. Ƙasashen da ke amfani da Faransanci sun kafa ƙungiyar ministocin matasa da wasanni, CONFEJES, a 1969, kuma makarantun horar da ma'aikatan fannin sun bazu: INSEPS a Dakar, INJS a Abijan, INJEPS a Porto-Novo ta Benin. Mu ma muna da tamu INJS a Yamai, wadda ta yaye malaman EPS da jami'an matasa da ke aiki a kwalejoji da lise-lise na ƙasar nan. Maƙwabtanmu na Najeriya kuwa cikin jami'a suka saka shi kai tsaye. Wanda ya san Zariya da Kano ya san Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero suna da sashen wannan karatu. Abin da ya rage mana shi ne yawa, da kuma daraja a idon jama'a.

Idan ana son a ga giɓin, a dubi lambobinmu na Olamfik. Nijar ta fara zuwa gasar a Tokiyo cikin 1964, da ɗan dambe Issaka Daboré. Ya koma a 1968, sannan a 1972 a Munik ya ciyo mana tagulla, lambar farko a tarihin ƙasar nan. Daga nan sai shiru har shekara 44, sai a 2016 Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ɗauko azurfa a tekwando a birnin Riyo, kuma a 2017 ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Shin cikin shekara 44 ɗin nan uwayenmu sun daina haihuwar ƙarfafa ne? Ko kusa. Duk wanda ya taɓa zama bakin fili ranar takobi ya san ƙarfi bai ƙare ba. Amma Alfaga a Jamus ya yi horon da ya kai shi can, inda akwai wanda aikinshi shi ne auna numfashin ɗan wasa, da mai tsara abincinshi, da mai lissafa ranar da zai huta. Ƙarfin namu ne, ilimin da ya goge shi na wasu ne.

Kuma mun ga abin da ɗan ƙasa ke iya yi idan ya samu ilimin. Harouna Doula ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karon farko, ta 2012, daga rukunin da ke da Masar mai riƙe da kofi da Afirka ta Kudu, har hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na 2011. Mun karɓi wasannin Francophonie a Yamai cikin 2005, mun karɓi kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi cikin 2019. Amma mun kuma ga ranar da Mena ke karɓar baƙinta a Maroko da Kwatano saboda filinmu bai cika sharuɗɗan CAF ba. Kula da fili, da ciyawarshi, da kuɗinshi, shi ma darasi ne da ake koyarwa a wannan fannin.

To me ake karantawa ne takamaimai? Wanda ke zaton zai je ya wuni yana buga balo, zai sha mamaki tun watan farko. Akwai darasin ƙirar jiki: ƙasusuwa 206 na baligi, da tsokoki, da gaɓoɓi, kowanne da sunanshi da aikinshi. Akwai yadda zuciya da huhu ke aiki idan jiki ya ɗauki nauyi. Akwai lissafin motsi, wanda ke bayyana dalilin da ya sa ɗan kokowa ke sunkuyawa ya buɗe ƙafa don kada a ɗaga shi. Akwai halayyar ɗan Adam, da dabarun koyarwa, da abinci, da agajin gaggawa. Sannan ga aikin fili: gudu, tsalle, ninƙaya, wasannin ƙungiya. A tsarin LMD, lisans shekara 3 ce, masta a ƙara 2, dokta kuma a ƙara 3. Don haka yaron da ke gudun kimiyya a lise, kada ya ɗauka nan ce mafaka.

Sai babbar tambayar iyaye: ina aikin yake? Ƙofar da ta fi faɗi ita ce koyarwa, tunda EPS tana cikin jarabawar BEPC da BAC, kuma kowace kwaleji, ta gwamnati ko ta kuɗi, tana buƙatar malami. Kada mu ɓoye muku, galibi da kwantaragi ake farawa, da irin haƙurin da duk malamin kwantaragi ya sani. Ƙofa ta biyu ita ce horar da ƴan wasa da shirya jikinsu, a kulob-kulob irin su Ɗan Kasawa ta Maraɗi, Espoir ta Damagaram ko Sahel ta Yamai, da tawagogin kokowa na jahohi. Ta uku ita ce gudanarwa: ma'aikatar matasa da wasanni da rassanta na jahohi, hukumomin wasanni, ofisoshin magajin gari. Soja da jandarma da ƴan sanda su ma ba su rabuwa da masu horar da jiki. Akwai masu buɗe wurin motsa jiki na kansu a manyan garuruwa, akwai alƙalan wasa, akwai kuma irinmu ƴan rediyo, inda mai sharhin da ya san abin da ke faruwa cikin gwiwar ɗan wasa ya fi mai ihu kawai.

Ƙofar da muke ganin za ta fi buɗewa nan gaba ita ce ta lafiya. Hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajenmu, kusan kowa na da wani nashi da ke shan magani kullum. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro kuma minti 60 kowace rana. Likita zai ce ma dattijo "ka riƙa motsa jiki", amma wa zai nuna mishi nawa, da wane lokaci, a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40? Wa zai tsara ma hajiya mai ciwon gwiwa abin da za ta yi a tsakar gidanta? Wannan aikin ɗan STAPS ne. A nan ne ma muka fi buƙatar ƴan mata, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki idan mace ce ke koyar da ɗiyarsu, kuma da hakan za a rage yawan takardun dispans da ake nema kowace shekara ba tare da wani ciwo ba. Amma a kiyaye: mai wannan takardar ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. Shi ma aikin kine, mai gyaran gaɓoɓi bayan rauni, karatunshi dabam ne a makarantun lafiya.

Akwai masu tsoron cewa ilimin boko zai kori na gargajiya daga filin kokowa. Ba mu ga alamar haka ba. Makaɗi na nan, kirari na nan, cali-cali na nan, kuma tsohon ɗan kokowa ya san dabarun kamu da ba a rubuta su a littafi ba. Abin da masanin motsa jiki zai ƙara shi ne tsari: ba a fafe gora ranar tafiya, ba a tara maza saura ƴan makonni a buɗe gasa a ce su yi ƙarfi. Shi zai san lokacin da kafaɗa ke neman hutu kafin ta goce, ya san ruwan da ya kamata a sha, ya hana yaro mai tasowa haɗiyar ƙwayoyin ƙara kuzari da ake sayarwa a tebur. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas cikin 2023; da muna da masana isassu, da tuni an yi nazarin yadda yake shiri, an koya ma na baya.

Shawararmu ga iyaye ita ce, kafin a ce a'a, a tambayi yaron abu biyu: yana iya kimiyya? Kuma wace ƙofa yake hange bayan takardar? Idan ya amsa da hankali, a bar shi ya je ya nemi bayanin gasar shiga INJS, ya kuma zauna da malamin EPS na makarantarsu ya ji daɗi da wuyar aikin daga bakin mai shi. Ga hukumomi kuma, tun 2010 muke da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, garuruwan da kokowa ta fi ƙarfi. Ya dace a ce wannan ilimin yana da babban gurbi a cikinsu, kusa da filayen da mazajen ke faɗuwa da tashi.

Malaman EPS da ke bibiyarmu, da tsofaffin ƴan kokowa, da iyayen da ɗansu ya bi wannan hanya, ku faɗa mana yadda ta kaya da ku, don ƙannenmu masu jiran sakamako su ji daga gare ku.

Mu kwana lafiya.