Yadda Katin Wasa Ya Shiga Fagen Yaƙin Kwamfuta

Wasannin bidiyo da ake haɗa tara kati da yaƙin bi-da-bi a cikin duniyar almara, wadda matsafa da dodanni da mayaƙa masu sulke suka cika, sun fito ne daga tsatso biyu da suka daɗe kowanne yana tafiyarsa kafin su haɗu. Na farko shi ne yaƙin dabara, inda ɗan wasa yake jera mayaƙansa a filin da aka tsaga gida-gida kamar na dara, ya motsa su idan layi ya zo kansa, sannan ya dakata abokin gaba ya yi nasa. Fire Emblem, wanda Nintendo ya fitar a Japan a 1990, da X-COM na Julian Gollop ɗan Ingila a 1994, suna cikin waɗanda suka kafa wannan tsari, sai dai a cikinsu sa'a tana zuwa ne bayan an yanke shawara, domin mutum yana iya shirya hari da kyau, kwamfuta ta jefa ƙuri'a a ɓoye, bugun ya kuskure.

Tsatso na biyu a kan tebur ya tsiro. A 1993 Richard Garfield, masanin lissafi a Amurka, ya fito da Magic: The Gathering, inda kowa yake zuwa da ƙunshin katunan da ya zaɓa tun daga gida, kuma da yake sayensu ake yi fakiti-fakiti, mai kuɗi yakan shiga fage da rinjaye. Donald X. Vaccarino ne ya warware wannan ƙulli a 2008 da wasansa Dominion, wanda a cikinsa kowa yake farawa da katuna goma iri ɗaya, bakwai na kuɗi da uku na maki, ya jawo biyar a kowane zagaye, ya sayi sabon kati daga tsakiyar tebur, idan ƙunshin ya ƙare a gauraya a sake. Gina ƙunshin ya zama shi ne wasan kansa, kuma masu wasa ba su daɗe ba suka gane cewa zubar da kati maras amfani yakan fi sayen sabo riba, tunda ƙaramin ƙunshi ya fi saurin dawo da katin kirki hannu.

Card Hunter na kamfanin Blue Manchu, wanda ya fito a 2013, ya haɗa tsatson biyu ta hanyar da ta cancanci yabo fiye da wanda ta samu. Katunan jarumi suna fitowa ne daga kayan da yake sanye da su, takobi ya ba shi katunan sara, takalmi ya ba shi na tafiya, ta yadda wanda hannunsa ya rasa katin tafiya dole ya tsaya inda yake ko da dodo yana gab da shi. Slay the Spire na Mega Crit, da aka kammala a 2019, ba shi da filin gidaje, amma ya yaɗa wata dabara da ta sauya fannin: alama a saman kan kowane dodo tana nuna abin da zai yi a zagaye mai zuwa, ko hari ko kariya, yayin da ɗan wasa yake riƙe da katuna biyar da makamashi uku kacal. A nan sa'a ta koma gaban shawara, ta raba kati ta ja gefe, abin da ya biyo baya kuwa aikin hankalin mai wasa ne, kuma wannan adalci ne da tsofaffin wasannin ba su yi wa masu haƙuri da lissafi ba.

Gloomhaven na Isaac Childres, wasan tebur na 2017 da aka mayar na kwamfuta a 2021, ya ƙara zurfafa lamarin, domin a kowane zagaye jarumi yana ajiye katuna biyu, ya yi aiki da saman ɗaya da ƙasan ɗayan, kuma duk hutun da ya yi don kwaso katunansa yana cinye masa guda, har hannunsa ya ƙare ya faɗi don gajiya. A 2022 Firaxis, kamfanin da ya farfaɗo da XCOM a 2012, ya rungumi kati a Marvel's Midnight Suns, inda harin da aka buga da kati ba ya kuskure, kuma duk da yabon da masu sharhi suka yi masa, cinikinsa bai kai yadda aka yi tsammani ba.