Daga Wasiƙar Ajami Zuwa Megabait: Me Ya Sa Datar Wata Ba Ta Kai Wata?

 Tambayarmu ta wannan zama ita ce wadda ba ta ƙarewa a teburin mai shayi: datar da mutum ke saya don wata guda, tana isa kuwa? Wani zai ce maka giga 2 na kai shi ƙarshen wata har da saura. Na kusa da shi ya rantse giga 10 ba ta yi masa kwana goma. Kuma duk cikinsu ba mai ƙarya. Don mu gane dalili, zo mu je Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, mu shiga Nima da Maamobi da New Town, mu ga yadda mutanen zango suka yi ta biyan kuɗin saƙo tun ba a san wayar hannu ba.

In kai makiyayi ne, to Nima gidanku ce tun asali. A farkon shekarun 1930 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili daga iyalan Odoi Kwao, mutanen Ga na Osu, don shanun da aka koro daga arewa su huta su yi kiwo kafin a shiga da su gari. Wannan makiyayar ce ta zama unguwa. Lokacin yaƙin duniya na biyu, aikin sansanonin soja da ke kusa ya jawo masu neman abinci, Nima ta cika ta tumbatsa. New Town kuwa a da Lagos Town ake ce mata, saboda yawan mutanen Najeriya da ke cikinta. Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Bamoshe da Bayarabe, kowa ya baro wani a gida, Hausa ce ta haɗa su. Inda kowa baƙo ne, ai kullum akwai mai jiran labari.

Saƙon farko a baki yake, ko a takarda. Tun zamanin fataken goro masu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, madugun ayari shi ne gidan waya. Ka je wurin malam ya rubuta maka wasiƙa da ajami, ka ba shi abin sadaka, a naɗe a damƙa wa matafiyi. Da motoci suka zo, direba ya gaji madugu. Wasiƙa daga Nima zuwa Sakkwato ko Maraɗi takan yi makonni a hanya, wani lokaci labarin rasuwa ya iso bayan an yi sadakar arba'in. Mai gaggawa sai ya je gidan waya ya buga tangaraho, inda kalma-kalma ake ƙirga kuɗi. Nan fa ba a doguwar gaisuwa. Shanu sun iso, turo kuɗi, shi ke nan.

Rediyo ya ɗan rage nisa. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a Maris na 1957, mako guda bayan Ghana ta sami 'yancin kai, gidan rediyon Ghana ma yana da shirye-shiryen Hausa, ga kuma Rediyon Kaduna a gajeren zango. Da kuɗin batir da kan sarki ɗaya, sai ka ji an ambaci sunanka a filin gaishe-gaishe. Amma buƙatar saƙo ta ƙaru da gaske a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana. Gidaje da yawa a zanguna suka rabu biyu. A 1983 kuma Najeriya ta kori nata baƙin, akasarinsu 'yan Ghana. Cikin waɗannan shekaru ne kaset ya zama wasiƙar wanda bai iya rubutu ba. A ajiye rediyo mai kaset a tsakar gida, uwa ta yi magana, kawu ya yi, a kira yara su gaida baba, sannan a ba direba. Kaset mai minti 60, talatin a gaba talatin a baya. Kowa na ganin zaren na tafiya, don haka maganar kuɗi da ta aure su ake fara faɗa.

A shekarun 1990 shagunan buga waya suka cika Accra. Ka shiga ɗan ɗaki ka kira Kano ko Yamai, mai shago na kallon agogo, kai ma kana kallo. Wayar hannu ta shigo Ghana a 1992 da kamfanin Mobitel, sai Spacefon ya biyo a 1996, shi ne ya koma Areeba, daga baya ya zama MTN a 2007. A Najeriya sai 2001 aka fara GSM. Da yake layi na da tsada a farko, sai ga 'yan mata da samari a bakin titi ƙarƙashin lema, da tebur da waya ɗaya, ka biya kuɗin minti ka yi magana. Ka tuna zamanin filashin? Ka kira ka katse, mai kuɗi ya biyo ka. Har ma'ana aka yi masa: sau ɗaya na iso lafiya, sau biyu kira ni.

To ka lura da abu ɗaya a duk wannan tarihin. Takarda, kalmar tangaraho, zaren kaset, mintin agogo, kowanne ma'auni ne da ido ke gani. Mutum ya san abin da ya saya, ya san lokacin da yake ƙarewa, sai ya auna maganarsa daidai ruwa daidai tsaki. Data ce ma'auni na farko da muke saya ba mu ganin zubarsa. Tana tafiya kana kallo, tana tafiya wayar na aljihu, har kana barci ma takan tafi.

Intanet ta iso Ghana a 1995, amma shekaru da yawa abin 'yan boko ne, a shagunan kwamfuta inda ake biyan awa. Abin da ya kawo ta hannun dillalin shanu shi ne waya mai shafawa mai araha, irin su Tecno da Itel da ake saye a Tip Toe Lane kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, da kuma WhatsApp, wanda ya kawo saƙon murya a 2013, ya kawo kira a 2015. Saƙon murya ai kaset ɗin nan ne ya dawo, sai dai babu jiran direba. Yanzu dillali a kasuwar shanu ta Tulaku da ke Ashaiman zai ga bidiyon bijimi tun yana arewa, a yi ciniki kafin a loda shi a tirela. Mai albasa 'yar Galmi, wanda aka tashe su daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, zai ji farashin buhu tun motarsa ba ta ƙetare Paga ba. Wanda datarsa ta ƙare ranar da farashi ya juya, ya san abin da ya rasa.

Kuka kan tsadar data ya kai har kunnen hukuma. Ghana ta sa harajin sadarwa a 2008, wanda jama'a suka laƙaba wa harajin magana. A Oktoban 2019 ma'aikatar sadarwa ta ba da umarnin kada datar da mutum ya saya ta mutu don kwanakinta sun cika, a haɗa masa saura da sabuwa. A Najeriya hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. A Ghana kuma daga 1 ga Yulin 2025 aka ƙara yawan datar da ake samu a kuɗi ɗaya, kashi 15 cikin 100 a MTN, kashi 10 a Telecel da AT. Duk da haka je ka Nima ka tambaya, za ka ji ana cewa ba ta isa. Randa mai yoyo, ko ka ƙara mata guga, da safe za ka tarar da ita rabi.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Giga 1 kusan megabait 1,000 ce. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai rubu'in megabait ba. Kiran murya ta WhatsApp bai cika kai megabait ɗaya a minti ba. Hoton da aka tura ta nan ma galibi bai kai megabait ba. Ɗauki ɗan kasuwa mai tura saƙon murya 30 a yini, ya yi kiran minti 20, ya tura hoto 10. Da ƙyar ya ci megabait 30. A wata ke nan bai kai giga 1 ba. Ƙara masa 'yan gajerun bidiyon shanu ko na kaya, giga 2 ta riƙe shi. Yanzu juya ɗaya gefen. Awa ɗaya ta kallon TikTok ko YouTube ko bidiyon Facebook na iya cin rabin giga, in hoton mai kyau ne ma ta wuce haka. Awa ɗaya kullum, giga 15 ke nan a wata. Ka ga amsar tambayarmu: don sana'a da zumunci, 'yar kaɗan ta isa. Don kallo, ko nawa ka saya ba ta isa, domin an gina waɗannan manhajoji ne yadda wani bidiyo na ƙarewa wani na farawa. Kaset yana da ƙarshe, su ba su da shi.

Ban ce kada ka yi kallo ba. Mai kwana uku a bakin iyaka yana jiran kwastan, ko yaron da ke bin shanu shi kaɗai a daji, yana da haƙƙin abin ɗebe kewa. Abin da nake cewa, ka mayar wa data idon da kakanka ya sa wa zaren kaset. Kowace waya mai shafawa tana da wurin da take nuna wace manhaja ce ta ci nawa, sa yaro ya nuna maka sau ɗaya ka riƙe. Hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, don zaurukan da aka jefa ka ciki, na dangi da na 'yan kasuwa da na siyasa, kullum suna zuba maka kayan da ba ka nema ba. Hana manhajoji sabunta kansu sai ka yarda. In ka jona wa 'ya'yanka data daga wayarka, ka san ka buɗe shinge ne. Wa'azi ko karatu ko waƙar da kake so, karɓa daga wayar abokinka ko ka sa a zuba maka a memori. Rediyon FM da ke cikin waya ba ya cin data ko ɗigo, haka tura kuɗi ta hanyar danna lambobi, kamar *170# a MTN ta Ghana.

Sai maganar iyaka, wadda ta fi shafar ka. Galibi datar da ka saya a wata ƙasa ba ta ƙetarewa da kai. ECOWAS ta amince da rage kuɗin yawo da layi tun 2017, Ghana ta fara aiki da shi da Kwaddibuwa a 2023, da Togo da Benin a 2024, don haka mai bin Aflao ko Elubo ya ɗan sami sauƙi. Amma hanyar Paga ta Burkina Faso take bi, ita kuwa da Nijar da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Tambayi kamfaninka tun kafin ka tashi. In rabin watanka a hanya kake yi, kada ka zuba kuɗin wata cur a layi ɗaya, musamman inda data ke mutuwa bayan kwana 30. Raba shi gida biyu, ka sayi ta mako a inda ka sauka.

Kuma kada ka manta 14 ga Maris na 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Ghana da Najeriya da Kwaddibuwa da maƙwabta suka wayi gari intanet na rarrafe. Ranar nan mai giga 100 da mai megabait 100 duk ɗaya suke. Waɗanda suka ji sauƙi su ne masu ɗan kuɗin kira a layi, da lambobin mutanensu a takarda, da rediyo mai batir.

Don haka in wata ya kama, fara ware datar ciniki da ta gaida iyaye, kamar yadda kake ware kuɗin dusa da na maganin dabbobi kafin ka sayi sabuwar hula. Abin da ya rage, yi kallonka. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa albarka a garke da kasuwa. Sai mun haɗu a zama na gaba.