Sabon jirgi a tsohon rami: labarin jirgin ƙasa mai launin rawaya na Tokyo

 Yau Japan muka nufa, ƙarƙashin birnin Tokyo, inda wani jirgi mai suna 1000 Series ke zirga-zirga a layin Ginza. A ranar 11 ga Afrilu 2012 ya fara ɗaukar fasinja, amma in kun ga hotonsa sai ku rantse tsoho ne. Da gangan aka yi shi haka.

Bari mu koma baya. A 1914 wani Bajapane, Noritsugu Hayakawa, ya je Landan ya ga jirgi na tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ya dawo ya dage sai an yi a Tokyo. Kuɗi suka yi wuya, girgizar ƙasar 1923 ta ƙara dagula lissafi. Sai ranar 30 ga Disamba 1927 aka buɗe layin, daga Asakusa zuwa Ueno, kilomita 2.2 kacal. Shi ne irinsa na farko a Asiya. Tafiyar minti biyar ce, amma ranar mutane sun yi layi na sa'o'i. Taragon farko samfurinsa 1000, launinsa rawaya, kwaikwayon na Balin.

To ga inda gizo ke saƙa. Ramin da aka haƙa a lokacin ƙarami ne, ga kwana-kwana, kuma ba a faɗaɗa rami a ƙarƙashin birni mai cunkoso irin Tokyo kamar ana rushe katangar gida. Dole kowane sabon jirgi ya bi girman ramin. Shi ya sa tarago ɗaya bai wuce mita 16 ba, shida ake haɗawa. Babu wayar lantarki a sama, wuta daga layin dogo na uku take zuwa, a gefe, bolt 600.

Injiniyoyi sai suka zuba basirarsu a ƙasan jirgin. Sun yi ƙafafu masu karkata da kansu in an zo kwana, don rage ƙarar ƙarfe da cin layi. Sun sa injin maganaɗisu mai rage shan wuta. Daga baya aka ƙara batir, ko wuta ta ɗauke jirgin zai lallaɓa zuwa tasha mafi kusa. A ƙasar da girgizar ƙasa ta zama ruwan dare, wannan maganar rai ce. Jikin kuwa alminiyam ne, rawayar ma ba fenti ba ce, leda ce aka manna. A 2013 ya ci kyautar Blue Ribbon, karon farko da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya same ta.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne jirage biyun ƙarshe cikin 40 da aka ƙera. A da, in tsohon jirgi ya zo inda layin wutar ya yanke, fitilu kan mutu na ɗan lokaci, ƙananan fitilun bango su kama. Matsala ce, an kuma magance ta tuntuni. Amma a waɗannan biyun an mayar da fitilun bangon, da ado mai kama da katako, har ana iya kwaikwayon ɗaukewar wutar a tafiye-tafiye na musamman. Mu da muka san ɗauke wuta na gaske, wallahi abin dariya yake ba ni.

Taragon 1927 ɗin, mai lamba 1001, yana nan a gidan tarihin jiragen ƙarƙashin ƙasa da ke Kasai. Sai mun haɗu a shiri na gaba.