Gicciye Kafin Zamanin Kwanstantin: Sake Duba Hujjar Snyder

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, daga azuzuwan tarihin Ikkilisiya har dandalin muƙabalar masu wa'azi: wai Kiristocin farko ba su damu da gicciye ba, Sarki Kwanstantin ne ya ɗora wa addinin shi bayan nasararsa a gadar Milbiya a shekarar 312. Yawancin masu faɗin haka ji suka yi ana faɗa, don haka ba da su wannan maƙala za ta ja ba. Wanda ya cancanci amsa shi ne Graydon Snyder. A littafinsa Ante Pacem (1985) ya tattara kayan tarihin da Kiristoci suka bari kafin Kwanstantin, ya yanke cewa alamar gicciye ba ta cikinsu, kuma Yesun da aka zana a lokacin mai fitar da mutane daga wahala ne, ba a nuna shi yana shan wahala ko yana mutuwa. Tambayar ta tarihi ce zalla. Matsayin Musulunci a kan batun gicciye Annabi Isa sananne ne (Nisa'i: 157), abin da ake bincika a nan shi ne abin da Kiristocin ƙarni na biyu da na uku suka riƙe.

Ƙasƙancin gicciye a idon Romawa ba ya buƙatar dogon bayani bayan aikin masani Hengel (1977). Hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, irin wanda aka zartar wa mabiyan Spartakus 6,000 a kan hanyar Afiya a shekara ta 71 kafin miladiyya, ga kuma la'anar da Attaura ta ɗora wa wanda aka rataye a itace (Maimaitawar Shari'a 21:23).

Rashin adalci ne a raina hujjar Snyder. Wanda ya duba zane-zanen makabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum zai ga Yunusa kifi na amayar da shi, Daniyel a tsakiyar zakuna, Li'azaru yana fitowa daga kabari, da makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa. A gidan ibadar Dura-Yuropos da ke Siriya, wanda aka daina amfani da shi wajen 256, akwai makiyayin, akwai gurgun da aka warkar ɗauke da gadonsa, akwai tafiya a kan ruwa. Babu gicciye. Sai wajajen 420 zuwa 430 muke samun Yesu a gicciye cikin fasahar Ikkilisiya ta fili: sassaƙen hauren giwa da ke gidan tarihin Birtaniya, da ƙofar katako ta majami'ar Santa Sabina a Rum. Wannan tazara ta kusan shekara 400 gaskiya ce, kuma dole a yi mata bayani.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsallen da aka yi daga rashin hoto zuwa rashin aƙida. Mai tonon kufai yana samun abin da ƙasa ta riƙe ne kawai. Da wani zai tona makabartar Musulmi a ƙasar Hausa bayan shekara dubu, itace da fasassun tukwane zai tarar, babu rubutu ko ɗaya, kuma ba zai ga sallar da mamatan suka yi tsawon rayuwarsu ba. A ganina irin wannan ne ya faru, domin gicciyen Kiristocin farko a jiki suke yin sa. Tartuliyan, marubuci Kirista mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya bayyana wajen 211 cewa Kiristoci kan zana alamar a goshi lokacin shiga da fita, da sa tufafi, da wanka, da cin abinci, da kunna fitila, da kwanciya. Yatsa ba ya barin sawu a goshi.

Amsar Snyder a kan irin wannan shaida sananniya ce, ita ce ma ginshiƙin tsarin bincikensa: rubutu muryar malamai ne, kayan tarihi kuwa muryar talakawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ta kama wannan nassin ba. Tartuliyan ba koyar da alamar yake yi ba. Yana kare wani soja Kirista ne da ya ƙi ɗora kambin ganye a kansa, masu suka suna tambaya ina aka hana a Littafi Mai Tsarki. Sai ya jero al'adun da kowa ke bi ba tare da nassi ba, ya sa alamar goshi a cikinsu. Hujja irin wannan ba ta aiki sai in abokin gardama da kansa yana aikata abin. Da al'adar ta malamai ce kaɗai, da ya kayar da kansa.

Shaidar abokan gaba ta fi wannan nauyi, don ba wanda zai ce sun yi wa Kiristoci kara. A 1857 aka gano wani zanen bango a tudun Falatin na Rum: mutum mai kan jaki a gicciye, wani a gefensa ya ɗaga hannu, da rubutun Girkanci mai yi wa wani Alekzamenos ba'a cewa ubangijinsa yake bauta wa. Galibin masana na sa shi wajen shekarar 200, ko da yake ba a haɗu a kan haka ba. Wanda ya karce bangon ba masanin tauhidi ba ne. Da ya so ya muzanta Kirista, gicciye ya zana, bai zana makiyayi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tartuliyan ma a 197 ya ambaci zargin bautar kan jaki da na bautar gicciye a matsayin abubuwan da ake jifan Kiristoci da su. Ana iya kawo wani marubucin Kirista, Minushiyus Feliks, a ce ai ya musanta bautar gicciye ƙarara. Haka ne, ya musanta bautar itacen. Amma nan take ya shiga nuna siffar gicciye a jikin jirgin ruwa da a jikin mai addu'a da ya buɗe hannuwa, kamar yadda Jastin Shahidi ya yi wajen 155 da jirgin ruwa da garma da tutocin soja. Wannan kuwa yana taɓa kayan Snyder da kansu, domin hoton mai addu'a da buɗaɗɗun hannuwa na daga cikin waɗanda suka fi yawa a makabartun, kuma Tartuliyan ya danganta wannan tsayuwa da wahalar Almasihu. Ba na cewa duk mai zanen da ya yi hoton haka yake nufi. Ina cewa ba a da ikon lissafa hoton a cikin shaidun rashin gicciye.

Akwai wata hujja da aka fi dogara da ita a shekarun baya, wadda yanzu ta yi rauni. A wasu tsofaffin kwafe-kwafen Linjila na takardar fafiras daga Masar, musamman P66 da P75, marubuta kan haɗa haruffan Girkanci biyu, tau da ro, su zama siffa mai kama da mutum a gicciye, daidai inda ake maganar gicciye. Larry Hurtado (2006) ya ɗauke ta a matsayin hoton gicciye mafi tsufa, bisa cewa an rubuta kwafe-kwafen wajen 200. Sai Brent Nongbri (2014, 2016) ya nuna cewa salon rubutun hannu kaɗai, wanda da shi aka ƙiyasta shekarun, bai hana su zama na ƙarni na huɗu ba. In haka ne, shaidar ta faɗa zamanin Kwanstantin. Don haka da'awar wannan maƙala dole ta tsuke: ba a tabbatar da cewa Ikkilisiya ta zana gicciye kafin 312 ba; abin da aka tabbatar shi ne cewa a Kartaj da Rum Kiristoci sun yi alamarsa a jikinsu, maƙwabtansu kuma da shi suka san su.

Me alamar ke nufi ga mai yin ta? A nan Snyder ya fi kusa da gaskiya. Wanda ke shafa goshi kafin ya fita gida da alama kariya yake nema. Akwai ma wani ɗan dutsen laya a gidan tarihin Birtaniya, da ake sa shi a ƙarshen ƙarni na biyu ko na uku, ɗauke da mutum a gicciye. Bayanin fansa irin na malamin tauhidi Anselm (1098) bai zo ba tukuna. Sai dai raba kariya da mutuwar Almasihu rabo ne na zamaninmu. Tun wajen 54 Manzo Bulus ya shaida wa Korintiyawa cewa cin gurasa da shan ƙoƙon jibin Ubangiji shelar mutuwarsa ne, a wasiƙarsa ga Romawa, babi na 6, kuma ya fassara baftisma da shiga cikin mutuwar. Talaka bai buƙaci karatu ba kafin ya halarci waɗannan. Ƙarfin da yake nema a alamar ya samo asali ne daga imanin cewa a kan gicciye aka ci nasara a kan mutuwa da aljanu.

Saura tazarar nan ta shekara 400. In Kwanstantin ne sanadi, me ya sa hoton bai bayyana ba sai bayan fiye da shekara 100 da nasararsa? Alamar da ta yaɗu a kan tutoci da kuɗaɗen zamaninsa ma haɗin haruffa biyun farko na sunan Kiristi, wato Almasihu, ce. Abin da aka ruwaito ya yi, wanda ya fi dacewa da jerin shekarun, shi ne soke hukuncin gicciye. Muddin ana kafa mutane a bakin hanya, zana Ubangiji a wannan hali daidai yake da miƙa wa mai ba'a irin na Falatin makami. Masu sassaƙa ƙofar Santa Sabina kuwa, mai yiwuwa ne ko iyayensu ba su taɓa ganin an gicciye kowa ba.