Ɓatan Wata: Yadda Aka Riƙa Gane Ciki, Da Da Yanzu

Na san wasu za su ce me ya kai ɗan goro maganar mata. To, abin da ya kai ni shi ne yayata. A 1984 mijinta ya sake ta, ta dawo ɗakin gyatumarmu, ta ga jini sau ɗaya, daga nan shiru. Dangin miji suka ce ciki ne. Ungozoma ta taɓa ta ce ba ta ji komai ba, amma a jira. Malam ya ce ta ƙirga wata 9, in babu ciki ta ƙara 3. Haka ta share shekara cur, kuma ba ciki ba dalilinsa. Wanda ya fito neman ta ya gaji ya auri wata.

A da, abin da iyayenmu mata ke da shi lissafi ne da ido. In mace ta yi ɓatan wata sai a zuba mata ido: laulayi, kwaɗayi, yawan tofar da yawu, kasala, cikar ƙirji. Amma ba mai rantsuwa sai ɗa ya motsa, wajen wata 4 zuwa 5. Shi ya sa shari'a ta yi taka-tsantsan. Sakakkiya iddarta tsarki 3, mai ciki sai ta haihu, mafi ƙarancin ciki wata 6. Hukuncin da aka yi wa yayata kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya an jingina shi ga Sayyidina Umar. Haka nan malamanmu sun ce ciki na iya kaiwa shekara 4 ko 5, abin da muke kira kwantacce. Likitocin yau ba su yarda ciki na kwanciya haka ba. Amma ni a ganina, a gari irin namu inda fatake kan tafi Gwanja su daɗe, wannan hukunci ya rufa asirin gidaje da yawa. Ko a 2003 yana cikin hujjojin da aka kawo a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina, lokacin da aka sallami matar nan da aka yanke wa hukuncin jifa.

Neman sani da wuri ba yau aka fara ba. Mutanen Masar, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, sukan sa mace ta riƙa yin fitsari a kan irin alkama da na sha'ir. In ya tsiro, ciki ne. Kada ku yi dariya, domin a 1963 an gwada dabarar, aka ga fitsarin masu ciki yana tsirar da irin kamar sau 70 cikin 100. Inda suka yi kure shi ne cewar da suka yi sha'ir namiji, alkama mace.

Sai wajen 1927 wasu likitoci biyu a Jamus, Aschheim da Zondek, suka gano cewa akwai wani sinadari a fitsarin mai ciki, wanda yanzu ake kira hCG. Sukan yi wa 'yan ɓeraye mata allurar fitsarin, bayan kamar kwana 4 a feɗe su a duba mahaifar ƙwansu. A 1931 a Amurka aka koma zomo. Shi ma yanka shi ake yi, ko da ciki ko babu.

Wanda ya fi ba ni mamaki kwaɗo ne, kuma namu na Afirka. Wani Baturen Ingila, Hogben, da ke aiki a Afirka ta Kudu wajen 1930, shi ake danganta wa gwajin. A yi wa macen kwaɗo allurar fitsari, in matar na da ciki, kafin kwana ɗaya ta zuba ƙwai. Ba a kashe ta, a mayar da ita ruwa ta huta a sake ɗauko ta. Sai kwaɗo ya zama haja. Dubbai aka riƙa lodi daga Afirka ta Kudu zuwa Turai da Amurka har shekarun 1960. Mu da muke cika mota da goro da shanu, ashe wasu kwaɗi suke fatauci!

Daga 1960 aka samu gwajin da ba ya buƙatar dabba. Na yi a gida ya shiga kasuwar Amurka wajen 1977, amma sai an jira awa 2. Tsinken nan da ake sayarwa a kemis ya fito a Ingila a 1988.

To, shin duk ɓatan wata ciki ne? A'a. Matar aure da al'adarta ke zuwa daidai, in ta wuce mako ɗaya, ciki ne abin da za a fara zato. Amma tsakanin al'ada da al'ada yakan kama daga kwana 21 zuwa 35, kuma shayarwa, jinya, damuwa, rama ko ƙiba kwatsam, allurar tsarin iyali, da gabatowar tsayawar al'ada duk suna jinkirta ta. Yau in na tuna yadda yayata ta rame a wancan saki, ina zaton baƙin ciki ne kawai ya riƙe ta. Mai goyo kuma kada ta saki jiki wai ba ta ga jini ba, don kwanika ba ta sallama.

Sinadarin nan yana ninkawa duk kwana 2 zuwa 3 a farkon ciki, saboda haka wadda ta yi gaggawa tsinke na iya ce mata babu alhali akwai. A gwada da fitsarin asuba, in bai nuna ba a sake bayan mako ɗaya. In kuwa ɓatan wata ya haɗu da ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ko ɗigon jini da jiri, a nufi asibiti nan take, don ciki kan zauna a wajen mahaifa, kuma yana kisa. Batun ko tsinke na rage idda, wannan a kai wa malamai.

Bara 'yar yayar tawa ta zo gidana daga Shagamu, kwana 10 da ɓatan wata. Uwargida ta aiki yaro kemis. Kafin a kira la'asar har an buga wa mijinta waya. Yayata na zaune a kan tabarma tana jujjuya tsinken a hannu, ta daɗe ba ta ce uffan ba.